Yadda Motata Ta Tuba

Ni ba ɗan boko ba ne sosai. Na shiga elemantare a nan Rano, na koyi baƙi da wasali, na koyi lissafin da zai hana a cuce ni a kasuwar hatsi, sai mahaifina ya ce ya isa haka, gona na jira. Saboda haka duk wanda ya ga kuskure a rubutun nan, ya kai ƙara kabarin tsohon, ni ba ruwana. Abin da nake so in ajiye a takarda shi ne tarihin wani zalunci da aka yi mini, da yadda na rama, domin jikokina su san irin kakan da Allah ya ba su.

Azzalumin ɗan gwaggona ne, mutumin Nariya ta ƙasar Kibiya. Taubashina ke nan. Ubana da uwarsa ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna yara nake ce masa bawa, shi ma yana ce mini bawa, kuma har yau ba a samu alƙalin da ya raba wannan gardama ba. Tsakanin taubasai ba a fushi. Duk abin da ya yaɓa maka dole ka yi dariya, ko da cikinka na tafasa. Wannan dokar ce ya samu ya hau kaina da ita.

A shekarun da mulki ya dawo hannun farar hula, aka kuma ƙaddamar da Shari'a, abu biyu suka faru a danginmu. Ni na sayi mota, shi kuma ya tsayar da gemu. Motar tsohuwa ce 'yar Kwatano, ruwan toka, wadda wani Bature ya gama more ƙuruciyarta kafin ta iso hannuna. Gemun kuwa sabo ne fil. Mutumin da lokacin samartakarmu ba a kafa wasan goge tsakanin Kibiya da Rurum ba a ga ƙeyarsa a sahun gaba ba, shi ne ya wayi gari ya ɗage wando, ya rataya carbi, har aka sa shi cikin dattawan da ke zagayawa suna hana kiɗa a gidajen biki. Na taya shi murna. Na ce Allah mai shiryarwa ne, ga shi har bayi yana shiryarwa.

Motar ta yi mini biyayya na wani lokaci, sannan ta fara kuka. Ba a gaba ba, a baya. Da na taka birki sai ka ji wani siririn sauti, ƙiiii, mai shiga haƙori, ya ja dogo, ya lanƙwasa a ƙarshe kamar yana jiran amshi. Na kai wa bakanike a tasha, ya leƙa ta tsakanin taya ya ce, "Alhaji, fad ɗinka na baya ne ya goge, ƙarfe ke cin ƙarfe." Fad, ga wanda bai sani ba, wasu 'yan ƙarafa ne masu kamar tafin takalmin yaro, biyu a kowace taya. Su ke matse faifan da ke juyawa tare da taya idan an taka birki.

Ƙaddara ta sa ran nan bawan ya zo cin kasuwa, yana zaune a bencin mai shayi da ke jikin garejin. Kalma ɗaya ya tsinta a bakin bakanike.

"Ya goge?" in ji shi. "Ai shi ya sa! Ni dai na ce na san sautin nan. Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah. Mu muna can muna fama da makaɗa a ƙauye, ashe babban mai gogen yana cikin Rano, har ya saya wa gogensa taya huɗu."

Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, tunda doka ce.

Na ce, "Kai bawa, wanda ko kekensa da ƙafa yake tsayar da shi, ina ya san kukan mota?"

"Tsaya tukuna. Malam bakanike, motar nan tana da giya?"

"Tana da ita mana, har biyar."

Ya dafe ƙirji ya yi salati. "Ga goge, ga giya har biyar, a mota ɗaya, a ƙasar Shari'a! Alhaji Mai Goge, ka ji tsoron Allah."

A nan aka raɗa mini suna, ba rago ba goro.

Na ja motata na tafi ban gyara ba, don kada a ce maganarsa ce ta kore ni. Na ɗauka abin zai mutu kafin kasuwa ta zagayo. Ina! Masu awo suka ɗauka, 'yan dako suka ɗauka. Hajiya, mai ɗakina, ta dawo daga wani suna a Madachi ranta a ɓace, wai wata mata ta tambaye ta cikin ladabi ko ita ce iyalin Alhaji Mai Goge, kuma ko har yanzu yana zuwa biki. Ni da ban taɓa riƙe goge ba, ni da ko tafi ba na iya yi daidai.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne taron siyasa. Wani ɗan takarar shugaban ƙaramar hukuma ya zo neman ƙuri'a, aka jera mu dattawa a kujerun gaba. Yaron nan ya karɓi lasifika yana gaida manyan gari ɗaya bayan ɗaya, wani na raɗa masa sunaye a kunne. Da ya zo kaina sai ya rusuna, da iyakar girmamawa, ya ce, "Da babanmu, uban tafiya, Alhaji Mai Goge, Allah ya ƙara girma." Lasifikar nan har Rurum Tsohon Gari na tabbata an ji ta. Liman, wanda ke kusa da ni, ya sunkuyar da kai yana gyara rawani, kafaɗunsa na rawa.

A kan kujerar nan na yi wa kaina alkawari. Na riga na gane ko na gyara birki sunan ba zai tafi ba, domin ya bar jikin motar ya dawo jikina. Suna irin wannan sai an sama masa wani wuyan da zai rataya. Kuma na san wuyan da nake so.

Bawan yana da lambu a bayan Nariya, a ƙasan wata gangara, da 'yar bukka a gindin mangwaro. Can yake yini. Duk sanda na je Kibiya nakan biya ta wajensa mu taɓa zagin juna, don zumunci. Tun daga kan tudu nake fara taka birki, saboda gangarar doguwa ce, motar kuwa ta yi ta rera abinta har ƙasa. Kullum in na iso sai in tarar da shi a kan buzu, carbi a hannu, rikoda a gefe, kaset ɗin wa'azi na yi.

Bayan taron siyasar nan ne na fara kallonsa da idon mai neman rami. Sai na lura da abin da a da ban lura ba. Malamin da ke cikin kaset ɗin bai taɓa wuce buɗe majalisi ba. Ko da hantsi na zo, ko da la'asar, yanzu yake a'uziyya. Na ce a raina, wannan wane irin malami ne da kullum sai ya jira ni kafin ya fara? Na biyu, mai jan carbi a inuwa ba ya haki, shi kuwa ƙirjinsa na sama da ƙasa kamar wanda ya kori akuya daga gona. Na uku, ƙasar gaban bukkar a tattake take, ta yi laushi kamar masussuka. Da ya tashi ɗebo mini ruwa na ɗaga gefen buzun da yatsan ƙafa. Ga wani kaset nan kwance, ba rubutu a jikinsa, sai ɗumi.

Na sha ruwana na yi godiya. A hanya har tsayawa na yi na yi dariya ni kaɗai. Ashe motar da yake zagi ita ce mai gadinsa. Motoci da babura na wucewa ta hanyar nan ba ruwansu da lambunsa, mai tsayawa ni ne, kuma gogena yana yi masa sallama tun daga kan tudu, ya samu sararin canza kaset ya shimfiɗa buzu.

To, sai a kashe mai gadi.

Amma ba a tasha ba. In bakanike ya taɓa motar nan da safe, kafin azahar labari ya kai Nariya a bakin 'yan acaɓa. Dole in yi da hannuna, a gida, a kangon da nake ɗaure tumaki, mai ƙofar langa-langa. Na shiga motar haya na tafi Kano, can Ƙofar Ruwa inda ake sayar da kayan mota, na sayo fad sababbi na ɓoye su a ƙasan buhun dusa, sai ka ce mai safarar abin da hukuma ta hana.

Hajiya ta same ni na tuɓe riga, na baje sifana da filaya a kan buhu.

"Alhaji, yanzu kuma kanikanci za a fara da furfura?"

"Jihadi zan yi, Hajiya. Ki rufe ƙofa, in an yi sallama ki ce ina barci."

"Ƙarya za ka sa ni?"

"To ki ce ina kwance. Ai a kwancen zan yi aikin."

Na taɓa ganin yadda bakanike ya canza na gaba, don haka na ɗauki kaina rabin gwani. Na tokare tayoyin gaba da duwatsu, na sa motar a giya, Allah ya yafe mana, na sauke hambirki, wato birkin hannu. Na sassauta notunan taya, na ɗaga ta da jak, na cusa guntun kututture a ƙasa don kada ta faɗo ta ƙarasa wa bawan aikinsa. Taya ta fita. Ga faifai, ga wani ƙarfe kamar muƙamuƙi ya cije shi. Na kwance notunan muƙamuƙin, na ɗaga shi, tsofaffin fad suka zubo. Wallahi sun siɗe, sun yi ƙyalli kamar gindin tsohuwar tasa. Na dube su na ce, ku ne kuka ɓata mini suna.

Sababbin suka zauna a mazauninsu lafiya. Matsalar ita ce masu kauri ne, muƙamuƙin ya ƙi komawa a kansu. A cikinsa akwai wani dunƙulen ƙarfe, fistin, wanda ke turo fad, ya fito waje saboda tsofaffin sun cinye, sai an mayar da shi ciki. A na gaba na ga bakanike ya sa ƙarfe ya danna kawai, ya koma. Na sa ƙarfe na danna. Ko gezau. Na sa ƙotar fartanya na hau da nauyina. Ko gezau. Na kawo taɓarya, Hajiya ta biyo abarta tana faɗa. Na buge babban yatsana, na faɗi wata kalma da ba ta dace da zamanin Shari'a ba, tumaki na kallona.

Rana ta take. Na zauna a ƙasa, mai da baƙin ƙura har gemu, ina duban fistin ɗin nan. Fuskarsa a zagaye, da wasu 'yan tsagu biyu, ga taurin kai, ga rashin kunya. Sai na ga ba wanda yake kama da shi sai ɗan gwaggona. Na ɗauki filaya na soka bakinta a tsagun, na ce, "Da kunnenka ne, bawa, haka zan yi masa." Na danna, na murɗa da duk haushin da na tara tun daga rumfar mai shayi.

Ya motsa. Ya juya, ya shiga kaɗan.

Na sake murɗawa. "Wannan na rumfar mai shayi ne." Ya shiga. "Wannan na matar Madachi." Ya ƙara shiga. "Wannan na lasifika." Kafin in gama lissafa laifuffukansa fistin ya koma gidansa sumul. Ashe na baya ba a danna shi kawai, murɗa shi ake yi, saboda hambirki a jikinsa yake. Ba wanda ya koya mini. Ƙiyayya ce ta koya mini, kuma ina shaida malama ce mai haƙuri. Ɗaya tayar ba ta ba ni wuya ba, domin laifuffukan bawan ba su ƙare ba, na koma har na zamanin ƙuruciya, lokacin da ya tura ni cikin kududdufi ranar sallah.

Na mayar da taya, na ɗaure, na sauke jak. Na shiga na tayar, na ɗan ja baya don in ji ko ta yi shiru. Na taka birki, ƙafata ta wuce har ƙasa kamar na taka lagwani. Motar ta ci gaba da tafiyarta a hankali, cikin natsuwa, ta je ta daki kwamin tumaki. Hajiya ta saki salati daga bakin ƙofa.

"Ka kashe gogen, ka haɗa da birkin!"

Cikin firgita na yi ta taka shi, ina saki ina takawa, sai na ji yana cikowa a ƙarƙashin ƙafata har ya yi tauri. Ashe fistin ɗin da na kora ciki ne yake dawowa ya sami sababbin fad. Na ce mata da ma gwaji nake yi. Ta ce kwamin ma gwaji ne? Na shiga tattara sifana, babba ba ya amsa kowace tambaya.

Saura shaidu. Na zaɓi biyu: liman saboda nauyi, ladan saboda murya. Ladanmu mutumin kirki ne, amma Allah ya halicce shi don sanarwa, abu ba ya kwana a cikinsa. Aka yi rasuwa a Kibiya, na ce zan kai su ta'aziyya. Da safe na tura motar waje, duk inda zan tsaya cikin gari sai in tsaya nesa da jama'a, don kada wani ya ji shirun. Malaman biyu kuwa suna ta muhawara kan ganin wata, ba wanda ya lura.

A dawowa na ce mu biya Nariya mu gaida ɗan'uwana, mutumin da ke wahala wajen tsare addini. Liman ya ce ya kamata. Da muka hau tudun na kashe inji, na sa ta a firi, ba giya.

"Alhaji, mai ne ya ƙare?" in ji ladan.

"Tattali nake, Malam. Almubazzaranci ba kyau."

Motar ta gangara kamar an zuba mai a tire. Birkin ya yi tauri saboda inji a kashe yake, sai da na kusa miƙewa tsaye a kansa, amma ko tari bai yi ba. Tun kafin mu kai ƙasa sautin ya tarye mu. Goge ne na gaske, tsohon hannu, ga ƙwarya na amsawa. Liman ya dube ni.

Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan karon ba ni ba ne."

Muka tsaya a bakin shinge muka shiga da ƙafa. Ga babbar rigarsa rataye a reshen mangwaro. Ga shi nan daga shi sai singileti da ɗagaggen wandon nan, carbi na lilo a wuya, idanu a rufe, ya buɗe hannuwa kamar shaho, yana ja da baya yana karya kafaɗa, gemu na share iska. Gaskiya ko maƙiyi ne a faɗe ta, bawan ya iya rawa. Na so a bar shi ya kai ƙarshen waƙar, amma liman ya yi gyaran murya ya yi sallama.

Ya buɗe ido. Ya daka tsalle wajen rikoda zai kashe, sai ya murɗa wajen ƙara sauti. Gogen ya cika lambu. Da ƙyar ladan ya taimaka masa. Aka yi tsit, sai hakinsa. Bai dubi liman ba, ni ya duba, kuma abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne abin da na yini a ƙarƙashin mota don in ji.

"Ban ji motarka ba."

Na ce, "Ai ta tuba, bawa. Saura kai."

Ya fara kame-kame, wai kaset ɗin na waɗanda suka ƙwace ne a gidan biki, yana saurara ne don ya san irin ɓarnar da ke ciki. Ladan ya ce, "Da ƙafa ake saurara, Alhaji?" Liman ya yi masa nasiha gajera, ya karɓi kaset ɗin ya sa a aljihu. Sannan ya juyo kaina ya ce bin diddigin asirin Musulmi shi ma ba abin yabo ba ne. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah gafarta Malam, ni birki kawai na gyara, don tsare rayukan malamai."

Kafin mu tafi na buɗe but na ɗauko tsofaffin fad ɗin, na naɗe su a leda tun daga gida. Na miƙa wa bawan hannu biyu, a gaban shaidu.

"Ga gogenka, na dawo maka da shi. Da ma aro ne."

Doka ta hau kansa. Ya yi dariya. Ban taɓa jin dariya mai daɗin kunne irin wannan ba, don na san abin da ke tafasa a ƙarƙashinta.

A mota liman ya ce maganar nan ta tsaya tsakaninmu. Ladan ya ce in sha Allahu. Kafin sallar magariba mai shayin tasha ya tare ni yana tambaya wai da gaske har da juyi. Zuwa Juma'a dattawan Nariya sun sauke shi daga zagayen gidajen biki, wai ya huta saboda ciwon gwiwa. Masu awo suka koma kirana da sunan da ubana ya yanka mini rago. Da zaɓe ya sake zagayowa, ɗan takarar nan, yanzu yana neman majalisar tarayya, ya zo Kibiya, na je musamman na zauna kusa da ɗan gwaggona. Yaron ya hango ni, ya tuna fuska, ya rusuna ya ce, "Babanmu Alhaji Mai Goge." Sai filin nan gaba ɗaya ya ɗauka, "Ba shi ba ne, na kusa da shi ne!" Na kama hannun bawan na ɗaga sama don kada a sake kuskure.

Yanzu duk mun tsufa. Gemunsa ya yi fari, jikokinsa kuwa a makaranta jikokin Mai Goge ake ce musu. Har yau ina biyawa ta lambun. Ya sha roƙona, wai don darajar gwaggo in riƙa danna hon daga kan tudu. Hon ɗina lafiyarsa ƙalau. Ban taɓa dannawa ba.